Ƙara a ƙafar gaban tsohuwar Hiace: ta ina ake fara bincike?

Mai Hayis, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙafar mota, domin na kai inda ba na son in ƙara fitar da ko sisi kafin in fahimci ainihin abin da ke damun motata. Toyota Hiace ce ƙirar 1998 mai injin fetur 2RZ, na saye ta hannu na biyu shekara shida da suka wuce, kuma da ita nake jigilar 'yan kasuwa da kayansu daga Kano zuwa kasuwannin yankin Gumel, har Maigatari ranar Alhamis.

Tun ƙarshen damina na fara jin wata ƙara daga ƙarƙashin kujerata, wato ta ɓangaren hagu, duk lokacin da tayar ta faɗa rami ko na hau gargada. Ƙarar mai nauyi ce, kamar an buga guduma a kan ƙarfe sau ɗaya, wani lokacin kuma nakan ji ta idan na taka birki a hankali zan tsaya. Daga baya sitiyari ya fara yawo, idan na wuce kilomita 80 a awa sai na riƙa gyara shi ba hutawa kafin motar ta tsaya a layinta. Sabuwar tayar da na sa a hagu kuwa, cikin wata uku gefenta na ciki ya cinye har zare ya fara leƙowa, alhali gefen waje yana nan kamar ba a taka shi ba.

Makaniken da na fara kai wa bai ko ɗaga motar ba, ya danna gabanta sau biyu ya ce shokozoba ce. Na sayi guda biyu aka sa, ƙarar tana nan. Na je an yi mini alaimen har sau biyu, kowanne bai yi mako guda ba sitiyarin ya koma gidan jiya. Yanzu shawara biyu ke gabana: wani ya ce in canza ƙafar gaban gaba ɗaya, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfina a yanzu, wani kuma ya ce zai daka boljoyin ɗin, wato gaɓar ƙarfe mai ƙwallo a cikin kwasko da ke riƙe da taya, ya matse shi, sannan ya ƙara wa sandar da ke riƙe da nauyin gaban ɗauri, tunda motar ta ɗan karkata hagu. Roƙona shi ne a faɗa mini yadda ake gane abin da ya lalace tun kafin a kwance komai, da kuma abin da zan sa wa ido lokacin da ake aikin.

Tsohon Makanike, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina kwance ƙafar irin wannan motar, kuma daga bayaninka an bar jaki ana dukan taiki. Shokozoba aikinta hana mota yin lilo bayan ta faɗa rami, ba ita ke riƙe taya a mazauninta ba, saboda haka mutuwarta ba ta cinye gefe guda na taya irin yadda ka kwatanta. Idan ita ce, za ka ga cin tayar rami-rami ne a zagaye, motar kuma tana tsalle. Alaimen ɗin da aka yi maka shi ma asarar kuɗi ce, domin ana saita taya ne a kan gaɓoɓin da suke a matse. Idan gaɓa ɗaya tana wasa, da ka faɗa ramin farko saitin ya tafi.

Ka fara sanin yadda ƙafar take. Hiace ɗin da aka ƙera tsakanin 1989 da 2004 tana da hannu biyu a kowace tayar gaba, na sama da na ƙasa. Kowane hannu yana haɗe da jikin mota ta hanyar bushin na roba, sannan yana haɗe da ƙarfen da taya ke ɗaure a kai ta hanyar boljoyin. Babu sifirin mai naɗi a gabanta, abin da ke ɗauke da nauyi doguwar sandar ƙarfe ce da ke murɗewa idan taya ta hau sama, wadda muke kira toshon ba. Ga kuma tayarod da ke kai umarnin sitiyari ga taya, da sandar sitabilaiza mai rage wa mota kwanciya a kwana da 'yan robobinta, da boris a cikin hob, wato cibiyar da taya ke juyawa a kai. Da yake kai direba a saman tayar hagu kake zaune, injin kuma yana tsakanin kujeru, gaban motar nan yana ɗauke da nauyi mai yawa ko da babu lodi, kuma duk wata ƙara a ƙarƙashinka za ka ji ta ko daga ina ta taso. Shi ya sa kunne kaɗai ba ya raba gardama, sai an sa hannu.

Ka sami fili mai siminti, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya, sannan a ɗaga motar ta shasi har tayar ta bar ƙasa, a tokare ta da abin tokare na ƙarfe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokare ba ne, yana fashewa ba tare da ya yi sallama ba. Wurin da aka sa jak ɗin ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne yara da yawa ke kuskure. Boljoyin da nauyi ke danne da shi ba ya nuna wasansa ko da ya mutu murus, sai an sauke masa nauyin. Ƙa'idar ita ce a duba hannun da sandar ta kama: idan na ƙasa ne, ƙarƙashin hannun ake sa jak, idan kuma na sama ne, kamar yadda yake a Hiace ɗin da na saba taɓawa, ta shasi ake ɗagawa a bar tayar tana reto.

Daga nan ka kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ta ciki da waje. Idan ka ji wasa, to ko boris ne ko boljoyin, kuma raba su ba wuya: sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Idan wasan ya ɓace boris ne, domin birkin ya kama hob ɗin ya hana shi motsi. Idan yana nan, boljoyin ne ko bushin hannu. Sai ka kama tayar ta gaba da baya, ka girgiza ta kamar mai juya sitiyari, wani kuma ya tsuguna ya dafa kan tayarod da tafin hannunsa. Hannu yana jin ɗan motsin da ido ba ya gani. Idan kan na waje lafiya lau ne amma wasan yana nan, a matsa robar da ta rufe na ciki a ji ko daga can yake fitowa. Bayan haka a zura doguwar liba ƙarƙashin tayar a ɗaga ta sama a sake, ana kallon boljoyin biyun da tocila. Lafiyayyen boljoyin juyawa kawai yake yi, ba ya hawa da sauka a cikin kwaskonsa.

Bushin kuma da liba ake gwada shi, a sa tsakanin hannu da shasi a ɗan tura. Tsagewa 'yar ƙarama a fuskar roba ba abin tashin hankali ba ce a motar da ta kai wannan shekarun, abin dubawa shi ne robar da ta rabu da ƙarfenta, ko ƙarfen tsakiya da ya gusa gefe, ko wani wuri da ya yi sheƙi saboda ƙarfe na gogar ƙarfe. Ƙarar da kake ji lokacin taka birki a nan nake zarginta, domin birki yana tura hannun ƙasa baya, kuma robobin da ke tare wannan turin idan sun mutu sai hannun ya buga. Robobin sitabilaiza kada ka raina su, su ne mafi arha a duk ƙafar, kuma suna iya yin ƙarar da za ka rantse ƙafar ce za ta cire, sai dai su ba sa cin taya kuma ba sa sa sitiyari yawo.

Game da shawarar daka boljoyin, Malam, kada ka yarda ko kyauta za a yi maka. Abin da ake yi shi ne a bubbuga bakin kwaskon ya matse, wasu ma har su cusa guntun roba a ciki. Ƙarar takan ɗauke na 'yan makonni, amma ƙwallon da mazauninsa sun riga sun cinye, an dai rufe musu baki ne kawai. Ranar da ya fice tayar za ta kwanta a cikin madigadi, kuma a motar da direba da fasinjan gaba ke zaune a kan tayar, babu dogon hanci a gabansu da zai tare musu komai. Na ga irin wannan a bakin titi fiye da yadda zan so.

Direban Dogon Zango, Maraɗi

Allah ya saka wa Baba da alheri, ya yi bayanin da ba kowane makanike ke yarda ya yi wa mai mota ba. Ni zan ƙara ne a kan maganar sandar nan, domin na taɓa faɗawa wannan ramin da ƙafata. A nan wajenmu, inda boljoyin muke ce masa rotil, al'ada ce a ƙara wa sandar ɗauri don gaban motar ya tashi, wai ta fi ɗaukar kaya ta kuma fi wuce rairayi. Na yi wa tawa haka, ta yi kyau a ido, amma ta zama kamar amalanke a kan gargada, domin hannun sama ya kusa zama a kan robar da ke tare shi, tayar ba ta da sauran wurin sauka idan ta sami rami. Rotil ɗin kuma ya koma aiki a karkace, kafin shekara ta zagayo na canza na sama sau biyu, tayoyi kuma suka fara cin gefe.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin a taɓa notin sandar ka auna. Ka sauke kaya, ka daidaita iskar tayoyin huɗu, ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe marar tudu da kwari, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi a hagu da dama. Ka duba sifirin na baya ma, domin ganye ɗaya da ya karye a baya yana iya karkatar da gaban mota, mutum ya yi ta neman laifi inda babu shi. Idan bayan an canza abin da ya lalace har yanzu hagu ya fi dama ƙasa, to a nan ne ake ɗan gyara notin don ɓangarorin su zo daidai, ba don motar ta yi tsayi ba.

Inda zan ɗan saɓa da masu cewa komai sai sabo shi ne, ni na fi samun natsuwa da hannu sukutum na Beljiyam, da bushinsa na asali a jiki, fiye da sabon bushin maras suna da ke zuwa a kwali mai ƙyalli. Na sa irin waɗannan sababbin, wata huɗu robar ta dagargaje kamar ƙuli-ƙuli.

Mai Aikin Alaimen, Zariya

Ranka ya daɗe, direban Maraɗi, a kan hannun ƙarfen na yarda da kai, amma a kan gaɓoɓi ina da ja. Ƙarfen hannu idan bai lanƙwashe ba kuma bai tsage ba, na Beljiyam ya fi wanda ba a san asalinsa ba. Boljoyin da kan tayarod kuwa kayan cinyewa ne, wanda aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai babu mai iya faɗa maka saura kwana nawa gare shi, kuma robar bushin tana tsufa ko motar tana ajiye. Shawarata ga Mai Hayis ita ce, idan zai shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohon a hannu don a gwada tsayi da kaurin wuya, ya nemi na Toyota ko na kamfanin da ya yi suna kamar 555, ya kuma sani cewa duk sunan da ya yi kasuwa ana buga jabunsa. Sabon boljoyin mai kyau yana da tauri, da ƙyar za ka karkata wuyansa da babban yatsa. Wanda ke lilo tun yana cikin leda a bar wa mai shi.

Abin da ya fi kawo mini motoci da matsala ba ingancin kaya ba ne, yadda aka ɗaura su ne. Notin bushin hannu ba a ƙarasa ɗaure shi mota tana sama. Robar manne take da ƙarfenta, murɗewa take yi idan hannu ya motsa, don haka idan aka ƙulle ta taya tana reto, da an sauke motar robar ta riga ta murɗe tun kafin a yi tafiyar taku ɗaya, kuma ba za ta daɗe ba. Ana kama notin ne sama-sama, a sauke motar a kan tayoyinta, a girgiza ta ta zauna, sannan a ƙarasa ɗauri. Ina zargin wasu daga cikin bushin da ake ɗora wa laifin jabu wannan ne ya kashe su.

Idan aikin zai kai ga cire hannun da sandar ke kama, dole a fara sassauta sandar, domin ƙarfin da ke cikinta yana iya karya yatsun mutum. Kafin a sassauta a auna tsawon zaren da ya fito bayan noti a rubuta, a kuma yi alama da fenti a inda haƙoran sandar suka shiga, don ta koma yadda take. Sandunan suna da alamar hagu da dama a ƙarshensu, ba a musanya su, ba a gasa su da wuta, ba a yi musu walda. Wajen fitar da wuyan boljoyin ko na tayarod, gefen ƙarfen da ya riƙe shi ake bugu, ko a sa abin zaro shi, ba a dukan kan zaren. Notin mai tsaga-tsaga idan bai zo daidai da hudar fil ba, gaba ake ƙara masa kaɗan, ba a sassauto shi baya, kuma sabon fil ake sawa, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. A ƙirga zagayen da aka yi wajen kwance tsohon kan tayarod, a mayar da sabon da wannan adadin. Wannan zai kai ka wurin alaimen ba tare da ka goge taya ba, amma ba ya maye gurbinsa. Boris na irin wannan motar kuma ana wanke shi a cika shi da giris a saita, kuma matse shi fiye da kima ya fi barinsa da ɗan sarari saurin ƙona shi.

Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an gama komai an kuma daidaita tsayin motar, domin duk taɓa sandar yana canza kwanciyar taya. Ka zo da tayoyin da za ka ci gaba da amfani da su. Wadda zarenta ya fito ta gama aiki, kada ka mayar da ita baya da sunan lallaɓawa.

Mai Hayis, Kano

Allah ya ƙara muku basira, Baba da sauran 'yan'uwa. Ranar Asabar na kai motar wani gareji da ke da daɓen siminti, na roƙi mai garejin mu bi gwajin ɗaya bayan ɗaya ina tsaye, kuma ya yarda, ko da yake da farko ya ɗan yi mini kallon wanda ya zo koya masa sana'a.

Da muka girgiza tayar hagu sama da ƙasa akwai wasa sosai, yaronsa ya taka birki, wasan ko gezau. Da aka sa liba aka haska tocila, na ga boljoyin ƙasa yana ɗagawa yana komawa da idona. Robarsa ta tsage ta bayan da ba a gani sai an tsuguna, kuma da aka cire shi babu ɗigon giris a ciki, sai wani jan gari kamar an daka bulo, wuyan kuwa da ɗan yatsa nake kaɗa shi yana ƙara. Na daɗe riƙe da shi ina tuna cewa ranar Alhamis ɗin da ta wuce da mutum goma sha huɗu na dawo a kansa. Kan tayarod na hagu shi ma yana wasa, ni da kaina na dafa na ji, kuma robobin hannun ƙasa ɗaya ta rabu da ƙarfenta har wurin ya yi sheƙi. Na sama a ɓangarorin biyu ba su nuna komai ba, boris ma lafiya, giris kawai aka sabunta masa.

Na canza boljoyin ƙasa da kan tayarod hagu da dama, tunda shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka bi, da robobin hannun ƙasa da na sitabilaiza. Na tsaya sai da aka sauke motar kafin a ƙarasa ɗaure notocin. Da muka auna tsayi, bambancin hagu da dama ya ragu ƙwarai amma bai ɓace ba, muka leƙa baya kamar yadda ɗan'uwa na Maraɗi ya ce, sai ga ganyen sifirin ɗaya a karye kusa da maɗaurin tsakiya, laka ta rufe shi. Sandar gaba ba mu taɓa ta ba. An yi alaimen bayan an canza ganyen, na je Gumel na dawo jiya babu ƙara, sitiyarin kuma yana tsaye.

Saura tambaya ɗaya ga Baba. Sababbin boljoyin ɗin sun zo da kan dura giris, tsofaffin kuwa a rufe suke. A irin hanyar da nake bi, mai ƙura da rani da ruwa da damina, duk bayan wane lokaci ya kamata in dura musu, kuma yaya zan gane ya isa?

Tsohon Makanike, Kaduna

Madalla, Malam. Ka haɗa shi da juyen baƙin mai don kada ka manta, da damina kuma ka ƙara duk lokacin da ka ratsa ruwa mai zurfi. Ka goge kan da tsumma kafin ka ɗora famfon, in ba haka ba ƙasar da ke bakinsa za ka tura ciki. Ka dura a hankali kana kallon robar, da ta fara kumbura ka tsaya, domin idan ka cika ta har ta fashe ka buɗe wa ƙura ƙofa da hannunka. Bayan tafiya biyu ko uku ka koma a sake bin notocin da sifana, har da na tayoyi da na maɗaurin sifirin ɗin baya.